Daƙiƙun da ke Tsakanin Kore da Ja

Danjar titi ta girmi mota. A watan Disamba na 1868 aka kafa ta farko a Landan, daf da majalisar dokokin Ingila, lokacin da kekunan doki ne ke cushe hanya. Wanda ya tsara ta, John Peake Knight, ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma daga layin dogo ya ɗauko dabarar: hannuwa da ake ɗagawa da rana, fitilar gas mai ja da kore da dare, ga ɗan sanda tsaye yana juya ta. Ba ta cika wata guda ba gas ya tsiyaya, ta fashe ta ƙone ɗan sandan a farkon Janairun 1869. Daga nan Turawan Ingila suka yi fiye da shekara 50 ba su sake waiwayar danja ba.

A Amurka aka farfaɗo da ita. Ranar 5 ga Agustan 1914 birnin Cleveland ya kunna mai aiki da lantarki a mahaɗar titin Euclid da titi na 105. Launi biyu ne kawai, sai wata ƙararrawa da ke gargaɗin cewa za a canza hannu. A ganina nan ne tarihin ya fara daɗi, domin tsayar da wannan a saki wancan ba shi da wuya. Wuyar tana wajen motar da ta riga ta taho da gudu a daidai lokacin da hannu zai juya.

Wani ɗan sandan birnin Detroit, William Potts, shi ya shigo da ruwan ɗorawa a 1920. Bayan shekara uku Garrett Morgan, baƙar fatar Amurka mazaunin Cleveland, ya yi rajistar tasa na'urar, wadda ke iya tsayar da kowane ɓangare gaba ɗaya kafin a saki wani. Sau da yawa ina jin ana cewa Morgan ne ya ƙirƙiro danja. Ba haka ba ne, an riga shi. Amma tunaninsa na a bar mahaɗa ta wofinta kafin a ba da hannu yana nan har gobe: shi ne ɗan lokacin nan, daƙiƙa ɗaya ko biyu, da ja ke kamawa ta ko'ina.

To ruwan ɗorawan daƙiƙa nawa ya kamata ya yi? A 1960 masana uku a sashen bincike na kamfanin General Motors, Gazis da Herman da Maradudin, suka zauna suka yi lissafin. Sun nuna cewa idan ruwan ɗorawa ya yi gajarta, akwai wani yanki kafin mahaɗa inda direba ke shiga halin gaba kura baya sayaki: ya taka birki ba zai tsaya kafin layi ba, ya wuce kuma ja zai kama shi a tsakiya. Mota mai gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, kuma kafin ido ya gani ƙafa ta kai ga birki an yi kusan daƙiƙa guda. Ke nan wani lokaci laifin ba na direba ba ne, na wanda ya saita danjar ne. Shi ya sa a Amurka ake ba ruwan ɗorawa daƙiƙa 3 zuwa 6 gwargwadon gudun titin. Ingila kuwa ta tsaya a kan 3 a ko'ina.

Tsawon ja da kore ma da nasa lissafin, wanda wani masani, Webster, ya fitar a Ingila a 1958. Hannu ya yi saurin juyawa, lokaci ya ƙare a tsayawa da tashi. Ya daɗe da yawa, layi ya yi tsawo, haƙuri ya ƙare, a soma satar hannu.

Duk wannan lissafi an gina shi ne a kan cewa mai tahowa zai rage gudu, mai jira kuma zai jira kore. Abin da nake gani a mahaɗunmu akasin haka ne. Mai mota ya hango ruwan ɗorawa sai ya ƙara wuta, mai adaidaita sahu da ke ɗaya ɓangaren kuma ya riga ya turo hanci, ana yi masa oda ta baya tun ja bai ɗauke ba. Su biyun daƙiƙa ɗaya suke rububi, wadda aka ware don kada kowa ya shiga. Mai karatu, idan kai ne a sahun gaba, bar na baya ya yi ta odarsa. Jira kore, ka duba hagu da dama, sannan ka tashi.