Bitcoin da Kayan Aro: Tarihin Dogaronsa da OpenSSL

Lokacin da Satoshi Nakamoto ya fitar da manhajar Bitcoin a watan Janairun 2009, bai rubuta kowane sashe nata da hannunsa ba. Aikin sa hannun sirri, wato lissafin da ke tabbatar da cewa mai kuɗi ne ya ba da izinin kashe su, ya ɗora shi a kan OpenSSL, wani rumbun ƙananan manhajojin sirri da maƙeran manhaja ke ara maimakon su ƙirƙiri nasu. Dabara ce mai kyau a wancan lokaci, domin rumbun ya daɗe yana aiki a intanet.

Sai dai an gina OpenSSL ne don tsare sadarwa, inda ɗan sassauci wajen karɓar saƙo ba ya cika yin illa. Bitcoin kuwa a kan ittifaƙi ya tsayu: dole dubban kwamfutoci su yanke hukunci guda a kan kowane sa hannu, in ba haka ba kundin cinikin ya rabu gida biyu. OpenSSL kan karɓi sa hannun da bai cika ƙa'idar rubutu ta DER ba. Ta haka sassaucinsa ya zama dokar Bitcoin, ba tare da kowa ya tsara hakan ba.

A watan Janairun 2015 masu kula da OpenSSL suka tsaurara tantancewa, sabon zubinsa ya fara ƙin abin da tsohon ke karɓa. Gyaran da aka yi don tsaron intanet ya zama barazana ga Bitcoin. Magani ya zo ta shawarar BIP 66 ta Pieter Wuille, wadda ta wajabta tsantsar DER, ta kuma fara aiki a watan Yulin 2015.

Da ma tun 2013 Wuille ya soma gina libsecp256k1, ƙaramin rumbu da aka keɓe wa irin lissafin da Bitcoin ke bukata. Manhajar Bitcoin Core ta fara sa hannu da shi a zubi na 0.10 a 2015, ta miƙa masa tantancewa a 0.12 a 2016, sannan ta sallami OpenSSL baki ɗaya a 0.20 a 2020.

Hausawa kan ce kayan aro ba ya rufe katara. A manhajar da kuskurenta ke taɓa dukiyar mutane, wanda ya ari rumbu ya ari hukuncin masu shi, har da hukuncin da za su sauya gobe ba tare da sun shawarce shi ba.