Ziyarar Waliyyai 99 na Madarunfa

Ziyarar waliyyan Madarunfa tsohuwar al'ada ce ta zuwa kaburburan bayin Allah da ke kewaye da tafkin Madarunfa, a jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, domin yi musu addu'a da neman albarka. Mutanen yankin sun gada daga kaka da kakanni cewa waliyyai 99 ne ke kwance a gewayen wannan ruwa. Masu ziyara kan zo daga sassan Nijar da arewacin Nijeriya, wani lokaci har daga ƙasashen da suka fi haka nisa.

Wurin

Garin Madarunfa yana kudu da birnin Maraɗi da tazarar kilomita 20 da ɗoriya, kusa da iyakar Nijeriya. Shi ne hedikwatar gundumar da ta haɗa Ɗan Isa, Gabi, Jiratawa, Safo da Sarkin Yamma. Tafkin kan kai kusan hekta 800 idan damina ta yi kyau, ya ja baya da rani, amma yana cikin ƴan ruwayen jihar da ke riƙe ruwa har ƙarshen shekara. Gulbin Gabi ne ke zuba masa ruwa, Gulbin Maraɗi kuma na ratsawa ta kusa da shi. Shi wannan gulbi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shiga Nijar ta wajen Jibiya, ya yi kwana ya koma Nijeriya ya haɗe da kogin Rima. Masunta na kamun tarwaɗa da karfasa a tafkin, masu lambu na noman rani a gaɓarsa, makiyaya na shayar da dabbobi. A kusa da shi akwai daji na hukuma da aka hana sara, mai faɗin fiye da hekta 800.

A ƙasar da rani ke ɗaukar wata takwas, wurin da ruwa ke zama yakan tara mutane, mutane kuma su tara labari. Duk wanda zai fahimci wannan ziyara, daga ruwan ya kamata ya fara.

Ƙasar Katsina kafin a ja iyaka

Kafin ƙarni na 19 kwarin Maraɗi yanki ne na arewacin masarautar Katsina, kuma Katsina a lokacin gari ne na malamai da fatake. Shehu Magili ya sauka Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15. A ƙarni na 17 birnin ya yi Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, da Wali Ɗan Marina, waɗanda har gobe Katsinawa na zuwa kaburburansu. Girmama kushewar malami, ke nan, abu ne da ya zauna a wannan ƙasa tun kafin jihadi.

Sai dai kwarin yana da nasa mutanen na asali, wato Anna ko Azna, manoma da mafarauta masu bin al'adun gargajiya, masu yanka ga iskokin daji da na ruwa. Masanin nan Bafaranshe, Guy Nicolas, ya shafe shekaru yana nazarin rayuwarsu. A fadar Maraɗi kuwa, Iya ce ke shugabantar ƴan bori. Musulunci da waɗannan al'adu sun daɗe suna zaune a gari ɗaya, suna shan ruwan rijiya ɗaya, kowa na ganin ɗan'uwansa.

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a 1804. Birnin Katsina ya faɗi a hannun Malam Ummarun Dallaje wajen 1807, gidan sarautar Haɓe ya watse ya nufi arewa. Wajen 1819 Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi ya ci gaba da riƙe sunan Sarkin Katsina, sunan da sarakunan Maraɗi ke amsawa har yau. Gobirawa ma sun kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Daga nan kudancin Maraɗi ya zama bakin daga. A zamanin Ɗan Baskore, wanda ya yi sarauta daga wajen 1854 zuwa 1875, hare-hare ba su yanke ba tsakanin Maraɗi da Katsinar Fulani. Ƙasar da tafkin yake ciki tana tsakanin Katsina biyun nan. Da Turawa suka zo, Ingila da Faransa suka yi yarjejeniyoyin 1898, 1904 da 1906, aka kafa duwatsun iyaka tsakanin 1906 da 1908, Madarunfa ta faɗa ɓangaren Faransa. Iyakar ta raba haraji da tuta, amma aure da kasuwa da almajiranci sun ci gaba da ƙetare ta, ziyara ma haka.

Waliyyan da kaburburansu

A nan Madarunfa ta sha bamban da sauran wuraren ziyara na ƙasar Hausa. Wanda ya je Hubbaren Shehu a Sakkwato ya san wanda ya je gaisarwa: mutumin da ya rasu a 1817, ya bar littattafai masu yawa da zuriya da daula. Haka kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno, wanda ya rasu a 1837. Ɗan Masani da Ɗan Marina sun bar rubutu, kuma Bello ya ambace su a cikin Infaƙul Maisuri. Waliyyan Madarunfa kuwa darajarsu a bakin jama'a take. Tsofaffi da malaman gari ne ke riƙe da labarinsu, su ne ke nuna wa baƙo inda kowane yake kwance. Kuma ziyarar ta taron waliyyai ce baki ɗaya, ba ta shehi guda mai hubbare da halifa ba.

Adadin ma abin lura ne. Duk Musulmin da ya ji 99 zai tuna da kyawawan sunayen Allah. Irin wannan ƙidaya sananniya ce a duniyar Musulmi: ana kiran Tumbutu birnin waliyyai 333, Marrakesh ta Maroko kuma tana da mazajenta bakwai da ake zagayawa. A irin waɗannan wurare adadi na nuna cikar albarkar wuri ne, ba lissafin mai ƙidayar jama'a ba. Wanda ya zo da alƙalami yana son ya ƙirga kushewa 99 ɗaya bayan ɗaya bai gane abin da mutanen ke faɗa ba. Cewa suke yi ruwan nan an kewaye shi da mutanen kirki ta kowace kusurwa.

Kaburburan ba su da ƙawa. Mai neman gini irin hasumiyar Gobarau ta Katsina, ko ta masallacin Agadas da aka fara ginawa wajen 1515 aka sake ɗaga ta a 1844, zai koma da ƙorafi. Wannan sauƙi ya yi daidai da yadda Malikawan Afirka ta Yamma suka saba binne mamatansu, malami da talaka kusan ɗaya.

Ladubban ziyara su ne waɗanda aka sani a ko'ina cikin ƙasar Hausa. Mai ziyara yakan zo da alwala, ya yi sallama ga mazauna kabari, ya karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu da salatin Annabi (SAW), ya ba da ladan ga mamaci, sannan ya roƙi Allah biyan buƙatarsa. Buƙatun ba baƙi ba ne: haihuwa, lafiya, aure, buɗin kasuwa, damina mai albarka. Daga nan sai sadaka ga masu kula da wurin da almajirai. Mata na da yawa a cikin masu irin wannan tafiya, galibi a ƙungiya, an haɗa kuɗin mota.

Gardamar malamai

Asalin ziyarar kabari ba abin jayayya ba ne, domin ya tabbata a hadisi cewa Annabi (SAW) ya hana ta da farko, daga baya ya yi izini saboda tana tuna wa mutum lahira. Saɓanin yana kan abin da ake yi a wurin. Malaman Ƙadiriyya da Tijjaniyya suna ganin halaccin tawassuli da salihan bayi, shi ya sa ayarin Tijjanawa ke zuwa Fas wajen kabarin Shehu Ahmadu Tijjani, da Kaulaha wajen na Shehu Ibrahim Inyas wanda ya rasu a 1975, da Kiyota a jihar Doso lokacin Maulidi. Masu suka suna kafa hujja da hadisin da ya keɓe masallatai uku da ɗaura niyyar tafiya, suna kuma tsoron kada roƙo ya karkata daga Allah zuwa ga mai kabari.

Gardamar ta girmi kowa da ke raye. Shehu Usmanu kansa Baƙadire ne mai girmama waliyyai, amma a rubuce-rubucensa kan bidi'a ya yi gargaɗi game da shafar kabari don neman tubarraki. Ta ƙara zafi bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, ƙarƙashin Malam Isma'ila Idris da goyon bayan Shehu Abubakar Gumi. Cikin ƴan shekaru wa'azinta ya iso Maraɗi ta hanyar da kaya ke bi, a hannun matasan malamai da wasu daga cikin alhazan birnin, attajiran da Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986. Tun daga lokacin za a iya samun gida ɗaya, uwa na shirin zuwa ziyara, ɗanta na karanta mata dalilin hani. Yawanci a baki abin ke tsayawa. Inda ya wuce baki shi ne Tumbutu a 2012, lokacin da ƴan Ansaruddini suka rushe hubbarorin waliyyai, har Kotun Duniya ta ɗaure ɗaya daga cikinsu, Ahmad al-Faƙi al-Mahdi, shekara 9 a 2016.

Kiristocin yankin

Kiristoci ƴan kaɗan ne a jihar, amma su ma suna da tarihinsu da ziyararsu. Mishan ɗin SIM ta zauna a Tsibiri tun ƙarshen shekarun 1920, ta kuma buɗe asibitin kutare a Danja, cikin ƙasar Madarunfa, a shekarun 1950. Katolika sun fara aiki a Yamai a 1931. A 2001 aka ba Maraɗi bishop nata na farko, Ambroise Ouédraogo, ɗan asalin Burkina Faso, wanda yankinsa ya haɗa har da Tawa, Damagaram, Agadas da Difa. Babbar majami'arsu a Maraɗi tana ɗauke da sunan Maryama ta Lurdu, garin nan na kudancin Faransa da ya zama wurin ziyara tun 1858. Manyan wuraren ziyarar Katolika na wannan shiyya suna ƙasashen maƙwabta: Dasa a Benin, Yagma kusa da Wagadugu, da Kita a Mali.

Hukuma, ruwa da hanya

A 2006 gwamnatin Nijar ta miƙa wa hukumar UNESCO sunan dajin da tafkin da kaburburan a dunƙule, cikin jerin wuraren da take fatan a amince da su a matsayin kayan gadon duniya. Haɗa ukun wuri guda daidai ne, domin dajin ke riƙe ƙasa, ƙasar ke kare tafkin daga cikewa, tafkin kuma shi ya tara kaburburan. Jerin fata dai jerin fata ne. Wuraren Nijar da suka samu cikakkiyar amincewa uku ne: Ayar da Tenere a 1991, gandun dajin W a 1996, da tsohon birnin Agadas a 2013. An kuma sa tafkin cikin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar saboda tsuntsayen ruwa da ke sauka a cikinsa.

Barazanar da ta fi kusa ita ce yashi. Sarar itace da noma har bakin gaɓa suna sa ruwan sama ya kwaso ƙasa ya zuba a tafkin, zurfinsa na raguwa. Madatsar Jibiya, da Nijeriya ta gama a farkon shekarun 1990, ta canza yadda ruwa ke sauka a Gulbin Maraɗi, abin da ya daɗe yana cikin tattaunawar ƙasashen biyu. Sai matsalar tsaro. A shekarun baya-bayan nan ƴan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane sun addabi ƙauyukan iyaka ta wajen Gabi da dajin Baban Rafi. Nijeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023. Duk irin wannan rufi, mai ziyara daga Katsina na cikin waɗanda yake tarewa, tare da mai buhun wake da mai zuwa biki. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kusan kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, an tsara ya bi ta Jibiya ya ratsa wannan gunduma.

Aikin da ya fi gaggawa bai kai gina layin dogo tsada ba. Tunda tarihin waliyyan a ƙirjin tsofaffi yake, rasuwar kowane ɗaya daga cikinsu asara ce da ba ta da madadi. Akwai cibiyar tattara tarihin baka a Yamai tun 1968, akwai Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a Maraɗi, akwai Jami'ar Umaru Musa Ƴar'aduwa a Katsina. Ya kamata ɗalibansu su je Madarunfa da na'urar ɗaukar magana, su zauna da masu kula da kaburburan, su rubuta sunaye da wurare da ruwayoyi da Hausa, yadda jikokin masu labarin za su iya karantawa.