Kwalli: Tafiyar Baƙin Dutse Daga Rami Zuwa Ido

Idan Bahaushe ya ce mace ta yi kwalliya, yana nufin duk abin da ta ƙawata jikinta da shi, tun daga kitso har zuwa ƙunshin ƙafa. Amma kunne yana jin wata ƙaramar kalma ɓoye cikin babbar, wato kwalli, kamar dai harshen da kansa ya yanke hukunci cewa ado daga ido yake farawa. Haka nan wanda ya haɗu da mutumin da ya daɗe yana nema, sai a ce ya yi tozali da shi. Abin da ya shiga magana har haka ba baƙo ba ne. Duk da haka kaɗan ne daga masu sa shi suka san daga ina yake fitowa, da kuma abin da ke cikinsa.

Sunayensa biyu kowanne yana nuna hanyar da ya biyo. Kwalli ɗan'uwan kalmar Larabci ce, kuhul. Tozali kuwa daga bakin Buzaye ya fito, domin a harshensu tazolt ake ce masa, kuma masana harshe suna ganin ita ma kalmar lalle ta wannan ƙofar ta shigo. Ke nan Abzin da ayarinta suna da hannu a cikin madubin matan Katsina da Gobir da Damagaram tun da daɗewa. Ita kalmar Larabcin ta yi wata tafiya mai ban dariya a ƙasar Turai. Masana haɗa magunguna na can sun ari al-kuhul suna nufin duk wani gari mai matuƙar laushi, sannu a hankali ma'anar ta koma kan ruwan da aka tace, har ta zama alcool ta Faransanci. Ɗan lakkwal da ke rubuta wannan kalma a allo bai san sunan kwallin kakarsa yake rubutawa ba.

Kwallin gargajiya dutse ne, mai nauyi a hannu, mai ƙyalli kamar azurfa idan an fasa shi. Turawan da suka ratsa ƙasar Hausa a ƙarni na 19 sun riƙa kiransa antimwan a rubuce-rubucensu, kuskuren kuma ya daɗe yana yawo daga littafi zuwa littafi. Da aka gwada shi a ɗakin bincike sai aka ga galibinsa ma'adinin da ake kira galen ne, wato haɗin dalma da farar wuta, wanda dalma ke ɗaukar kusan kashi 86 cikin 100 na nauyinsa. Jijiyoyin wannan dutse suna kwance a kwarin Binuwai, a wurare irin su Arufu kusa da Wukari, da Zurak ta ƙasar Wase, da Abakaliki can kudu, kuma mutanen wuraren suna haƙarsa tun kafin zuwan Turawa. Fatake sun same shi haja mai daɗin ɗauka. Ba ya ruɓewa kamar goro, ba ya jin tsoron ruwa kamar gishiri, kuma ɗan ƙulli guda yana isar mace watanni.

Al'adar baƙanta ido ta girmi duk waɗannan hanyoyi. Misirawan zamanin Fir'auna, maza da mata, suna niƙa wannan dutse su zagaye idanunsu da shi, suna kuma da wani koren gari na ma'adinin tagulla. Amma abin da ya kafa kwalli a ƙasar Hausa har ya fi ƙarfin yayi shi ne addini. Hadisai sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana sa kwalli da dare kafin barci, kuma ya yabi wani nau'i da ake kira ismid saboda amfaninsa ga gani. Tirmizi ya ware wa batun babi guda a cikin littafinsa na Shama'il. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, wadda kowane almajirin ilimi yake bi ta kanta a zaurukan Zinder da Tawa, ta halatta wa namiji kwalli don magani, ta lissafa shi cikin adon mata. Daga nan hukunce-hukunce suka biyo baya. Mai takaba za ta ajiye shi har wata huɗu da kwana goma, mai azumi kuma ana jan kunnensa kada ɗanɗanonsa ya sauka maƙogwaro da rana. Wannan hukunci na ƙarshe yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin yana nuna malaman fiƙihu sun lura tun da wuri cewa abin da aka sa a ido yana iya gangarawa cikin jiki.

Hugh Clapperton, wanda ya shiga Kano a 1824, ya bar bayanin yadda mutanen birnin ke rina haƙora da leɓɓa da furen taba, mata kuma suna rina gashi da shuni. A tafiyarsa ta biyu, a 1826, ya sauka Wawa ta ƙasar Borgu, inda wata attajira bazawara mai suna Zuma ta karɓe shi cikin cikakken ado: gira baƙa, gashi shuɗi, hannu da ƙafa jajaye da lalle. Shi abin dariya ya ɗauke ta. Wanda ya san ƙasar kuwa zai gane cewa matar ta fito ne da dukan kayan adon zamaninta, irin waɗanda za a iya samu a ɗakin matar attajiri a Damagaram lokacin Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, sa'ad da ayarin Tarabulus ke sauke madubai da duwatsun wuya da turare a bakin Birni. A irin wannan ɗaki akwai lalle da zungurun da ake zura hannu a ciki ya kwana, akwai katambiri na zana ɗige-ɗige a kumatu da goshi, akwai shuni da man shanu na gyaran kai, da man kaɗanya na maganin kaushin hunturu. Yawancinsu sai da dalili ake fito da su, biki ko salla ko ranar girki. Kwalli kaɗai ne na kullum.

Aikinsa yana farawa daga niƙa. Ana samun dutse mai santsi da ɗan ƙaramin abin murzawa, a yi ta murza ƙwayar har sai ƙyallinta ya mutu ta koma gari mai laushi, domin ɗan tsaki guda da ya saura zai iya karce ido. Sai a ɗura a tandu. Shi kansa tandu sana'a ce mai zaman kanta. Ana gina siffar da laka, a lulluɓe ta da jiƙaƙƙiyar fata, a bari ta bushe ta yi tauri, sannan a farfasa lakar a zazzage ta, kwalbar fata ta tsaya da kanta, wani lokaci tagwaye, da zane a jikinta. Mai sawa za ta tsoma tsinke a ciki, ta kaɗe abin da ya yi yawa, ta ɗora shi a bakin fatar ido ta ciki daga wajen hanci, ta runtse ido a kansa, ta ja shi zuwa gefe. Ja guda yana shafa sama da ƙasa gaba ɗaya. Harshe ya bambance gwanaye da ƴan gaggawa: wata zizara shi take yi siriri, wata kuwa rambaɗa shi take yi har ya zubo. Kuma ba na mata kaɗai ba ne. Dattijo mai shirin masallacin Juma'a yana sawa, Buzu mai ratsa rairayi yana sawa saboda ƙyallin rana da ƙura, samarin Wodaɓe kuma a wasan Gerewol suna zagaye ido da shi don farinsa ya fito sosai a gaban ƴan matan da za su yi zaɓe.

Sai jariri. Tun cikin makon haihuwa, bayan wanka, ungozoma ko kaka za ta ɗauki tandu ta sa masa a ido, sau da yawa ta zana masa gira. Dalilan da ake bayarwa suna da yawa: ya wanke dattin ido, ya ƙara masa girma da haske, ya kare yaron daga kambun baka. A ƙasar da ciwon ido ya makantar da mutane masu yawa, ba abin mamaki ba ne uwa ta riƙe duk abin da aka ce mata kariya ne. Abin takaicin shi ne tsinke guda da ke zagaya idanun mutanen gida duka yana iya zama shi ne mai raba musu ciwon.

Zamanin mulkin mallaka bai kori kwalli ba, kishiyoyi ya kawo masa. Kantunan kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA sun buɗe a Zinder da Maraɗi, kuɗin gyaɗa kuma ya shiga hannun mutane a shekarun 1950, sai hoda da jan baki da man shafawa na gwangwani suka sami wuri a cikin lefe. Shuni da furen taba su ne suka fara faɗuwa, har yau budurwa za ta yi dariya idan aka ce mata jajayen haƙora sun taɓa zama abin yabo. Jirgin sama ya mayar da aikin hajji tafiyar makonni, alhazai suka riƙa dawowa da ƴan kwalaben kwallin Makka a matsayin tsaraba, tare da dabino da zamzam. Finafinan Indiya, da na Kano da suka biyo sawunsu daga shekarun 1990, sun koya wa ƴan mata wani sabon layi mai wutsiya. Bayan karyewar darajar kuɗin sefa a Janairun 1994, kayan Faransa suka fi ƙarfin talaka, kayan Dubai da na Sin suka cika tebura. Sauyin da ya fi girma a duk wannan shi ne na wurin da ake sa baƙin. Kwalli cikin ido yake shiga ya gauraya da hawaye, shi ya sa kallon mai shi yake da taushi. Fensirin zamani da ruwan zane a kan fata suke zama, daga waje, suna sake wa ido siffa.

A shekarar 2010 kalmar gubar dalma ta shiga kowane gida ta rediyo. A jihar Zamfara, makwabciyar Maraɗi, yara fiye da 400 suka mutu saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Wannan masifa ba ta da alaƙa da kwalli, amma ita ta sa mutane suka san cewa dalma tana kisa. Shekara guda bayan haka, a 2011, likitoci a birnin Boston na Amurka suka auna jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan asalin Nijeriya, suka sami dalma fiye da ninki biyu na ma'aunin da hukumar lafiyar ƙasar ta kafa a 2012 a matsayin abin damuwa. Aka bincika gidan ba a sami tsohon fenti ko wani abin zargi ba, sai garin da ake sa masa a ido sau uku ko huɗu a mako tun yana da mako biyu. Da aka gwada garin, dalma ta kai kashi 82.6 cikin 100. Rahoton da hukumar ta fitar a 2012 ya ambaci sunansa na Yarbanci, tiro, ya kuma ambaci tozali da kwalli.

Hanyar da gubar ke bi sananniya ce. Hawaye yana kwashe garin ya bi ta ƙaramar kafar da ke haɗa ido da hanci ya sauka maƙogwaro, wato dai abin da malaman azumi suka lura da shi. Yaro kuma yana murza ido ya kai hannu baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin ƙaramin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba, kuma babu wani adadinta da aka sani marar lahani. Ba ta sa zazzaɓi ko ƙurji da za su tayar da hankalin uwa. Ƙwaƙwalwa take taɓawa a ɓoye, sai bayan shekaru a ga yaro yana fama da karatu, a ce masa daƙiƙi. Mai ciki ma tana iya miƙa wa ɗan tayinta.

Masu kare kwalli suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Masana kimiyya a Paris sun binciki garin da ke cikin tsofaffin tukwanen kwalliyar Misira na gidan tarihin Louvre, suka bayyana a 1999 cewa Misirawa suna haɗa wasu gishirin dalma da hannunsu su zuba a ciki. A 2010 suka nuna cewa ɗan kaɗan na irin wannan dalma yana zuga ƙwayoyin fata su fitar da sinadarin da ke taimaka wa jiki yaƙi da ƙwayoyin cuta. Ke nan kakanni ba su yi ƙarya ba da suka ce yana gyara ido. Sai dai a zamaninsu babu wani magani, yau kuwa akwai ɗigon ido a kowane ɗakin shan magani, don haka cinikin da ya yi musu riba ya koma na asara, musamman ga jariri. Batun sunna ma yana buƙatar natsuwa. Masana da yawa suna fassara ismid da dutsen antimwan, wanda ba shi ne galen ba, kuma rubuta sunan a jikin kwalba ko zana mata hoton masallaci ba ya tabbatar da abin da ke ciki. Gwaje-gwajen da aka yi wa kwallin kasuwannin ƙasashen Larabawa da Indiya sun sami wasu cike da dalma, wasu kuma baƙin hayaƙi ne kawai, irin wanda matan Indiya ke tarawa daga fitilar mai. Tarayyar Turai ta hana dalma a kayan kwalliya, Amurka kuma ba ta yarda a shigar mata da irin wannan kwalli ba. A kasuwar ƙauye kuwa, mai koli yana auna shi a takarda kamar yadda ubansa ya yi, mai saye tana ɗaga ƙwayar a rana, ta zaɓi wadda ta fi nauyi da ƙyalli, ita ce kuma ta fi dalma.

Shi ya sa gardamar ba a ofis ake yinta ba. Ana yinta ne a ɗakin mai jego da safiyar suna, lokacin da tsohuwa ta gama yi wa jariri wanka ta miƙa hannu a ba ta tandu, uwar kuma, wadda ta ji bayanin malamar asibiti wajen awo, tana kwance kan gado, kunyar ɗan fari da ta surukai sun ɗaure mata baki. A wasu gidaje an sami hanyar da ba ta ɓata wa kowa rai, a bar tsohuwa ta zana wa jaririn gira da ɗan baƙin gawayi, idon kuwa a goge shi da auduga da ruwan da aka tafasa ya huce.