Tarihin 'Yan Dako a Cikin Kwanon Farfesu

Idan aka ce tarihi, abin da ya fi saurin faɗo wa mutum a rai shi ne sarakuna da yaƙe-yaƙe da gwamnoni. Amma akwai mutanen da suka gina manyan birane da ƙarfin kafaɗarsu, suka shuɗe ba su bar ko layi ɗaya a rubuce ba. Mai neman labarin irin waɗannan sai ya bi ta wata hanya, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce tukunyarsu. Don haka muka ɗauko labarin wani farfesu da Sinawan Singafo da Malesiya ke ci a rumfunan abinci, wanda suke kira bak kut teh. Da haƙarƙarin alade ake yin sa, Musulmi ba sa ci, amma tarihin da ke cikinsa abin dubawa ne ga duk mai sha'awar rubutu.

A shekarar 1819 wani Baturen Ingila, Stamford Raffles, ya kafa zangon ciniki a tsibirin Singafo. Kafin a jima jiragen ruwa suka yawaita, aka shiga neman masu sauke kaya. Talauci da rikice-rikice suka yi ta koro samari daga kudancin ƙasar Sin, musamman daga lardin Fujiyan, wato 'yan Hokiyan, da yankin Cawuzo, wato 'yan Tiyociu. Da yawansu bashin kuɗin jirgi suka ciwo, suka zo suna biya da gumi. Aikinsu shi ne dakon buhunan shinkafa da sauran kaya daga kwale-kwale zuwa ɗakunan ajiya a bakin Kogin Singafo. Haka abin yake a garin Kilang na Malesiya, inda aka buɗe tashar jiragen ruwa a 1901 don fitar da kuza, daga baya kuma da roba.

Ɗan dako ba shi da kuɗin tsoka, sai na ƙashi. Sai a sami ƙasusuwa masu ɗan nama a jiki, a dafa su tsawon sa'o'i da tafarnuwa da kayan yaji, a ci da shinkafa tun da sassafe kafin a fita aiki. Ma'anar sunan a harshen Hokiyan ita ce shayin nama da ƙashi, ko da yake babu ganyen shayi a cikin tukunyar. Shayin daban ake kawo shi, mai ɗaci, ba madara ba sukari, a 'yan ƙananan kofuna, don ya yanke maiƙo. Akan haɗa da wani dogon soyayyen fulawa mai kama da fanke, a riƙa tsomawa a romon.

Ko launin romon ma yana ba da labarin asalin mai shi. Na 'yan Tiyociu garau yake, farin masoro da tafarnuwa ne jigonsa, shi ne kuma ya fi yaɗuwa a Singafo. Na 'yan Hokiyan baƙi ne, mai nauyi, saboda ruwan waken suya da kirfa da kanumfari da saiwoyin magani, shi ne Kilang ta shahara da shi. Wato dai kowace ƙabila ta taho da ɗanɗanon garinsu, ta riƙe shi a baƙuwar ƙasa kamar yadda ta riƙe harshenta.

Masu sayar da farfesun a bakin titi suka fara, a kan amalanke, kusa da inda 'yan dako ke taruwa. Bayan Singafo ta rabu da Malesiya a 1965, gwamnati ta ga cunkoso da ƙazanta sun yi yawa. A 1968 da 1969 aka yi wa masu sayar da abinci rajista, sa'an nan daga 1971 zuwa 1986 aka yi ta kwashe su zuwa manyan zauruka masu ruwan famfo da lantarki da magudanai. A 1977 kuma aka fara aikin tsabtace Kogin Singafo, wanda ya ɗauki shekara 10, aka tashi kwale-kwalen da ke cikinsa. Sana'ar dako ta mutu, manyan injuna suka gaje ta, amma kwanon ɗan dako bai mutu ba. Jikokinsa, waɗanda yanzu ma'aikatan ofis ne, su ke bin layi a rumfa suna saye. A watan Disamba na 2020 hukumar UNESCO ta sa al'adar cin abinci a waɗannan zauruka cikin jerin al'adun gado na duniya.

Da abu ya yi daraja sai masu shi su yawaita. Mutanen Kilang na cewa a garinsu aka ƙirƙiro shi, na Singafo su ma suna da tasu hujjar, masana kuwa ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, domin waɗanda suka fara dafa shi ba su ajiye takarda ba. A watan Fabrairu na 2024 gwamnatin Malesiya ta sa shi cikin jerin abincin gado na ƙasa. Nan take muhawara ta tashi. Wasu daga cikin Musulmi, waɗanda su ne mafi rinjaye a ƙasar, suka ce bai dace abin da yawancin 'yan ƙasa ba sa ci ya wakilci ƙasa ba. Wasu kuma suka ce guminsu na cikin ginin ƙasar, don haka tarihin Sinawa tarihin Malesiya ne. Akwai ma irinsa da ake yi da kaza, mai suna chik kut teh, don waɗanda ba sa cin alade.

Abin lura a nan shi ne, gardamar ta wuce ta nama da romo, ta koma kan tambayar wa za a ƙirga cikin waɗanda suka gina ƙasa. Sunan Raffles na nan a kan tituna da makarantu da otal, har da gunkinsa a bakin kogi. Dubban da suka sauke kayan da suka arzuta birnin kuwa, abin da ya fi tuna wa mutane da su shi ne wannan kwano.

Daga ƙarshe, muna kira ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, da su riƙa sauraron mai abinci da ɗan dako kamar yadda suke sauraron mai rawani. A tambaye su tun suna raye, a rubuta, domin in sun tafi sai dai a yi ta gardama a kan abin da suka bari.