Kwaɗi a Majigi: Yadda Masu Zane Suka Yi wa Manya Hannunka Mai Sanda

Hausawa suna da hanyoyi da yawa na gaya wa babba gaskiya ba tare da an kama sunansa ba. Akwai habaici, akwai gugar zana, akwai kuma abin da a ke kira hannunka mai sanda, watau a nuna wa mutum laifinsa a kaikaice, shi ya gane, mai faɗi kuwa ya tsira da mutuncinsa. Tatsuniya ma aikinta ke nan: a ɗora wa Gizo ko Kura halin ɗan Adam, a yi dariya, mai halin ya ji a jikinsa. To, da majigi ya bazu cikin duniya, sai waɗansu masu zane a ƙasar Sin da ƙasar Nijar suka shigar da wannan tsohuwar dabara cikinsa. Tarihinsu za mu duba a nan.

Da farko ya kamata mai karatu ya san yadda a ke sa zane ya yi motsi. Mai zane ya kan zana hoto, sa'an nan ya zana wani wanda ya ɗan bambanta da shi, haka haka har su kai dubbai. Sai a ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya. In aka haska guda 24 cikin sakan ɗaya, ido ya kan ga kamar abin yana da rai.

A ƙasar Sin, birnin Shanghai ne cibiyar wannan sana'a. A shekarar 1941, sa'ad da sojan Japan suka mamaye yankuna da yawa na ƙasar, waɗansu 'yan'uwa biyu, Wan Laiming da Wan Guchan, suka ɗauko tsohon labarin Sarkin Birai suka zana shi. A cikinsa sai da mutanen ƙauye suka haɗa kai kana aka ci nasara a kan wani ƙaton aljani. Ba a ambaci Japan ba, amma 'yan kallo sun gane inda aka dosa.

A 1956 wani gwani mai suna Te Wei ya zana labarin wani sarkin yaƙi mai girman kai. Fuskokin mutanen da tufafinsu da kiɗan duk daga wasan kwaikwayon gargajiya na Beijing ya aro su. Sarkin yaƙin nan ya ci yaƙi sau ɗaya, ya koma ci da sha da sauraron 'yan fada, har mashinsa ya yi tsatsa. Ran da abokan gaba suka dawo, wajen gudu aka kama shi. A 1960 kuma ma'aikatar zane ta Shanghai ta fito da labarin 'yan talibambam masu neman uwarsu, wanda aka yi da tawada da ruwa irin zanen tsohon malamin nan Qi Baishi.

Kada mai karatu ya zaci abin wasa ne marar haɗari. Daga 1966 zuwa 1976 aka yi hargitsin da a ke kira Juyin Al'adu. Aka hana nuna finafinan nan, aka ce zanen gargajiya kayan zamanin da ne, aka tsare Te Wei aka wulaƙanta shi. Bayan ƙura ta lafa, a 1980, wani mai zane A Da ya yi labarin masu ibada uku da ke zaune a kan dutse, kowa na jiran ɗan'uwansa ya ɗebo ruwa, har gobara ta tashi ta koya musu haɗa kai. Ba a yi magana ko ɗaya cikin fim ɗin ba, duk da haka kowa ya ji wa'azin.

Yanzu mu komo kusa da gida. An haifi Moustapha Alassane a Nijar a 1942. Tun yana yaro ya kan yanka kwali ya haska shi da fitila, inuwa ta yi ta rawa, jama'a na kallo. Daga baya ya yi aiki da Bafaranshen nan Jean Rouch a Yamai, ya kuma tafi Kanada ya ƙaro sani wurin Norman McLaren. Da ya tashi yin nasa zanen, bai kwaikwayi na Amurka ba, sai ya koma ga dabbobin tatsuniya, ya zaɓi kwaɗo.

A 1966 ya fito da fim ɗinsa mai suna Bon Voyage Sim. Sim shugaban jamhuriyar kwaɗi ne, ya tafi ziyara maƙwabciyar ƙasa, aka yi masa fareti, aka busa begila, kwaɗi suka jeru suna kumbura wuya. A lokacin nan shekara shida ke nan da Nijar ta sami mulkin kai, jam'iyya ɗaya ce ke mulki a ƙarƙashin Diori Hamani, sukar gwamnati a fili kuwa ba ƙaramin kasada ba ne. Amma wa zai kama kwaɗo ya ɗaure? A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yan tsana, labarin jarumin da ya yi ta cin garuruwa domin ya sami wata gimbiya. Ya kuma yi Kokoa, watau kokawa, inda dabbobi suka shiga fage da makaɗa da 'yan kallo kamar yadda a ke yi a ƙasar Hausa. Ya daɗe yana zaune a Tawa yana aikinsa, ya rasu a Wagadugu a 2015.

Abin lura a nan shi ne, mutanen nan ba su ƙago sabon harshe ba. Da abin da jama'arsu suka riga suka sani suka yi magana, Sinawa da tawadarsu da wasan kwaikwayonsu, Alassane da tatsuniya da kokawa. Shi ya sa wanda bai taɓa shiga makaranta ba ya gane, wanda aka yi domin shi kuwa ba shi da bakin kai ƙara. Ai mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.