Alkama da Ciyawa a Ikilisiyar Afirka ta Arewa

Sau da yawa mukan ji ana tambaya: don me ikilisiya take barin wane yana shiga sujada, alhali kowa ya san halinsa? Wannan tambaya ba yau aka fara yin ta ba. Ta taɓa raba masu bi na Afirka ta Arewa gida biyu har fiye da shekara ɗari.

A shekara ta 303, Sarkin Roma Diyokiletiyan ya tayar wa ikilisiya da tsanani mai zafi. Ya ba da umarni a rushe majami'u, a kuma ƙone Littattafai Masu Tsarki. Waɗansu shugabanni suka ƙi, aka kashe su. Waɗansu kuwa tsoro ya kama su, suka miƙa littattafan da hannunsu. Da tsananin ya wuce, sai ga waɗanda suka miƙa da 'yan'uwan waɗanda suka mutu suna zaune a ɗakin sujada ɗaya. Mu sa kanmu a matsayin gwauruwar da aka kashe mijinta, za mu gane zafin abin.

Wajen shekara ta 311 aka naɗa Sisiliyan ya zama bishop na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau. Bishop-bishop na Numidiya suka ce naɗin banza ne, domin Filikus, ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗibiya masa hannu, wai ya miƙa littattafai. Suka naɗa nasu, bayansa kuma Donatus ya gaje shi, sunansa ne ƙungiyar ta ɗauka. Taron Roma na 313 da na Arles na 314 suka goyi bayan Sisiliyan, bincike kuma ya wanke Filikus, amma rabuwa ta riga ta kafu. Mutanen Donatus suka koyar cewa baftismar da mai aibi ya yi ba baftisma ba ce, saboda haka duk wanda ya koma wurinsu sai sun sake yi masa. Gari guda, bishop biyu, majami'a biyu.

Agustin, bishop na Hippo, wato Annaba a Aljeriya, shi ne ya fi kowa amsa musu. Ya ce mai yin baftisma na ainihi shi ne Almasihu, ma'aikaci hannu ne kawai. Ya riƙa kai su ga Matiyu sura 13, inda bayi suka nemi su tuge ciyawa, maigida ya hana don kada su haɗa da alkama, ya ce a jira girbi. Mutanen Donatus suka amsa cewa Ubangiji da kansa ya fassara gonar da duniya, bai ce ikilisiya ba. Gaskiya ne, amsarsu tana da ƙarfi, kada mu raina ta. Amma a wannan sura kuma akwai taru mai kama kifi iri iri, ba a kuwa rarrabe su sai an kai gaɓa. Agustin bai ce a daina horo ba. Ya san abin da Bulus ya umarci Korintiyawa game da mai zunubi a fili. Abin da ya ƙi shi ne mutum ya yayyage jikin Almasihu da zaton shi ne yake ganin zukata.

A shekara ta 411 aka tara bishop fiye da 500 na ɓangarorin biyu a Kartaj, wakilin sarki Marselinus ya yanke hukunci a kan mutanen Donatus. Nan ne muke ganin abin baƙin ciki. Agustin, wanda da farko ya ƙi a tilasta wa kowa, ya sake ra'ayi, ya yarda gwamnati ta ci su tara, ta ƙwace majami'unsu. Ya kafa hujja da misalin biki a Luka 14. A ganinmu ya yi kuskure babba: mutumin da ya koya mana jiran girbi ya ari laujen sarki tun damina ba ta ƙare ba.

Dokar ba ta shafe su ba. Agustin ya rasu a shekara ta 430, sa'ad da mayaƙan Bandal suka kewaye Hippo da yaƙi, a 439 kuma suka ci Kartaj. Bayan shekara ta 590, Giregori bishop na Roma yana ta rubuta wasiƙu zuwa Afirka, yana kuka a kan mutanen Donatus da suke sake yi wa mutane baftisma a Numidiya.