3.2 Bangaskiya da Shari'a a Wa'azin Mishan a Ƙasar Gobir

Wannan sashe zai duba yadda wata daɗaɗɗiyar muhawara ta addinin Kirista ta iso ƙasar Gobir, wato ko mutum yana samun karɓuwa wurin Allah ta bangaskiya kaɗai, ko kuwa sai ya haɗa da bin shari'a. Tushen muhawarar yana cikin wasiƙun Bulus zuwa ga Romawa da Galatiyawa, inda ya koyar da cewa kiyaye shari'ar Musa ba ya kuɓutar da mutum. Wasiƙar Yaƙub kuma ta ƙarfafa cewa bangaskiyar da ba ta tare da aiki ba ta da amfani. Wannan batu na daga cikin abubuwan da suka raba Martin Luther da cocin Katolika, a rikicin da ya soma a 1517.

Ƙungiyar SIM, wadda aka kafa a 1893, tana bin ra'ayin bangaskiya kaɗai. Sabon Birni da Isa suna ƙarƙashin Sakkwato, kuma Turawan Ingila sun taƙaita wa'azin mishan a masarautun Musulmi. Saboda haka a tsallaken iyaka, wato ɓangaren Faransa, mishan ta samu gindin zama tsakanin Gobirawa. Ta buɗe tasha a Tsibiri kusa da Maraɗi a ƙarshen shekarun 1920. Daga Tsibirin ne Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni a ƙarni na 19, don haka jama'ar garuruwan biyu dangi ne.

Matsala ta farko ta harshe ce. Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932 ya yi amfani da kalmar shari'a wajen fassara dokokin Musa. Ga Bagobiri kuwa, shari'a ita ce ta Musulunci, wadda alƙali yake hukunci da ita. Idan aka ce masa shari'a ba ta ceton mutum, sai ya ɗauka addininsa ake suka.

Matsala ta biyu ita ce mishan ɗin kanta ta shimfiɗa dokoki. Ta hana giya da taba, ba ta kuma yi wa mai mace fiye da ɗaya baftisma. Ke nan magidanci mai mata biyu, ko da ya ba da gaskiya, sai ya zaɓa tsakanin sakin uwar 'ya'yansa da zama a gefen ikilisiya. Hujjar masu mishan ita ce waɗannan dokoki ba su ne hanyar ceto ba, alama ce kawai ta sabuwar rayuwa. Amma ga wanda abin ya shafa, bambancin ba ya fitowa fili.

A taƙaice, wa'azin da ya zo da 'yanci daga shari'a ya kafa tasa shari'ar. Cocin EERN ta Nijar, wadda ta samo asali daga aikin SIM, ta gaji wannan tambaya, kuma sashe na gaba zai duba yadda ta fuskance ta.